Gishirin da bai cika biyu ba, da asid ɗin khal da ya koma rabi

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta koyon haɗa magunguna, a nan Makka muke zaune. An koya mana cewa gishiri yana rabuwa gida biyu idan ya shiga ruwa, don haka zai saukar da matakin daskarewar ruwa ninki biyu na abin da sukari zai saukar. Mun gwada a ɗakin gwaji da mol 0.1 a kilo ɗaya na ruwa. Sukari ya ba mu wajen digiri 0.19, gishiri kuma 0.35, alhali lissafi ya ce 0.37. Sannan akwai wata tambaya a littafinmu da nauyin mol na asid ɗin khal, wato binega, ya fito kusan 120 a cikin sinadarin benzin, mu kuma 60 muka sani. Na'urarmu ce ta yi ƙarya ko littafin ne? In an zo jarrabawa wanne zan rubuta?"

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Na'urarku ba ta yi ƙarya ba, littafin ma bai yi ba. Da 0.37 cif kuka samu, da shi ne zan ce ku sake dubawa, domin adadin da aka daɗe ana samu ga gishirin girki a wannan kaurin shi ne 0.348. Tambayoyin nan naki biyu uwarsu ɗaya: bayan abu ya narke, guda nawa ne suke yawo daban-daban a cikin ruwan? Abin da kika ɗora a sikeli daban, abin da aka rubuta a jikin kwalba daban, abin da ruwan ya tarar a cikinsa kuma daban. Ni awon ruwa ne sana'ata, a ɗakin gwaji na wata tashar tahliya da ke gaɓar Bahar Maliya, inda ake mayar da ruwan teku ruwan sha, kuma wannan bambancin da shi muke kwana da shi muke tashi. Bari in biyo miki shi daga tushe.

Abin da ruwa yake ƙirgawa

Halaye huɗu ne littafinku ya tara a babi ɗaya, waɗanda da Larabci ake ce wa alhawasul jami'a. Idan an narkar da abin da ba ya tashi sama a cikin ruwa, matsin tururin ruwan yana raguwa, matakin tafasarsa yana hawa, matakin daskarewarsa yana sauka, sannan ya samu ƙarfin jawo tsabtataccen ruwa ta cikin tantani, wato matsin osmosis. Dukkansu abu ɗaya ne ya haife su. Baƙin ƙwayoyi sun shiga tsakanin ƙwayoyin ruwa sun sirka su, sai barin wannan cakuɗar ya ƙara yi wa ruwan wuya, ko ta hanyar zama tururi ko ta hanyar zama ƙanƙara. Ƙanƙarar da ke fitowa daga ruwan gishiri kusan tsabtatacciya ce, ba ta ɗaukar gishirin, shi ya sa sai an ƙara sanyi kafin ruwan ya yarda ya ware kansa ya daskare. A wannan sirkawar ruwa bai damu da ko baƙon babba ne ko ƙarami ba, mai zaƙi ne ko mai ɗaci. Yawan baƙin kawai yake ji, muddin dai ba su yi yawa ainun ba.

Mol shi ne ma'aunin da ake ƙirga yawan ƙwayoyi da shi. Mol ɗaya na ƙwayoyi a kilo ɗaya na ruwa yana saukar da daskarewa da digiri 1.86, ya ɗaga tafasa da digiri 0.512. Sukarin shayi nauyin mol ɗinsa giram 342 ne, kuma yadda ya shiga haka yake zama, molekul ɗaya ƙwaya ɗaya. Giram 34.2 da kuka auna sun ba ku 0.186, na'urar ta nuna 0.19. Babu gardama a nan. Gishiri kuwa giram 5.84 kacal kuka zuba, kusan kashi ɗaya bisa shida na nauyin sukarin, amma ya yi aiki kusan ninki biyu, saboda ya watse zuwa ƙwayoyi masu caji da ake kira ayon, wato ayon na sodiyam da ayon na kulorayid, kowanne na cin gashin kansa.

Tun da muna nan, akwai maganar da ake yawan faɗa a madafa cewa gishiri yana sa tukunya ta ƙara zafi har abinci ya yi saurin dahuwa. Giram 10 a lita ɗaya, wanda ya isa miya ta ji gishiri sosai, bai ɗaga tafasa da ko digiri 0.2 ba. Wanda ke dafa wake a Ɗa'if, inda tsayin dutse ya sa ruwa ke tafasa a wajen digiri 94, gishiri ba zai dawo masa da abin da dutsen ya ƙwace ba. Tukunyar matsi zai nema.

Inda harafin i ya fito

A shekarun 1880 wani Bafaranshe, François-Marie Raoult, ya auna daskarewa da matsin tururi na narkakkun abubuwa masu yawa, ya ga cewa yawan mol ne ke tafiyar da su. A daidai lokacin wani ɗan ƙasar Holan, van 't Hoff, ya ɗauki awon matsin osmosis da masanin tsirrai Pfeffer ya wallafa a 1877, ya nuna cewa narkakken abu yana bin lissafi irin na iskar gas. Sukari ya bi ƙa'ida. Gishiri da dangoginsa, da ƙaƙƙarfan asid, suka ƙi, kullum sakamakonsu ya zarce lissafi. Sai van 't Hoff ya saƙala wani adadi a cikin lissafin don ya daidaita shi, ya sa masa harafin i. Ma'anarsa ba ta wuce wannan ba: abin da aka gani a gwaji, a raba shi da abin da za a gani da abin bai rabu ba kuma bai haɗe ba. Ki riƙe wannan da kyau, domin nan ne ɗalibai ke zamewa. Asalin i awo ne ake yi a samo shi. Ƙirga shi daga jikin fomula kintace ne kawai.

Wanda ya fassara dalilin shi ne Svante Arrhenius na Suwidin, a 1887. Ya ce waɗannan abubuwan suna rabuwa zuwa ayon da zarar sun narke, ko da ba a sa musu lantarki ba. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce hanyoyi biyu da ba su da alaƙa sun ba shi amsa kusan iri ɗaya: yadda ruwan ke ɗaukar lantarki, da yadda daskarewarsa ke sauka. Manyan malamai da dama sun ƙi yarda da farko. Daga baya van 't Hoff ya karɓi kyautar Nobel ta farko a ilimin sinadarai a 1901, Arrhenius ya karɓa a 1903.

Lissafin da kuka haddace ya zama ΔT = i × K × m, inda ΔT shi ne saukar daskarewa ko hawan tafasa, K adadin mai narkarwa irin 1.86 ɗin ruwa, m kuma yawan mol a kilo. Idan abu yana rabuwa gida n, kuma kason da ya rabu shi ne α, to i = 1 + α(n − 1). Gishirin girki n ɗinsa 2, kalsiyam kulorayid 3.

Ina sauran 0.13 ya tafi?

Ki raba 0.348 da 0.186, za ki samu 1.87. Idan kika sa wannan a fomular da ke sama, α zai fito 0.87, sai ki ce kashi 87 cikin 100 na gishirin ne ya rabu, kashi 13 ya zauna a dunƙule. Haka Arrhenius ya fahimta, kuma haka wasu littattafai ke ci gaba da sa ɗalibai su lissafa. Wannan fassarar ba daidai ba ce ga gishirin girki. A 1913 Bragg da ɗansa sun haska ƙwayar gishiri da hasken eksire a Ingila, suka ga babu wani abu mai suna molekul ɗin gishiri a cikinta. Sodiyam da kulorin ne a jere, kowanne da shida na ɗaya ɓangaren kewaye da shi. Abin da tun yana busasshe ba a dunƙule yake bibbiyu ba, yaya za a yi ya shiga ruwa sannan ya dunƙule?

Amsar ta zo a 1923 daga Debye da Hückel. Gishirin ya rabu gaba ɗaya, sai dai ayon suna ɗauke da caji. Mai alamar tarawa yana jan mai alamar ɗebewa, don haka a kowane lokaci kewayen ayon na sodiyam ya fi yawan kulorayid a kan sodiyam, kewayen kulorayid kuma akasin haka. Ba a manne suke ba, amma ba su da cikakken 'yanci. Ke da ke zaune a Makka kin san fitowa daga Harami bayan sallar tarawihi. Mutum dubu da kowa ke bin hanyarsa suna cika fili fiye da mutum dubu 'yan ayari ɗaya da kowa ke waiwayen ɗan'uwansa kada ya ɓace, su kuma sun fi cika fili a kan dubun da suka riƙe hannu bibbiyu suna tafiya tamkar mutum ɗari biyar. Sukari shi ne na farko, ayon na gishiri na biyu, na ukun kuma zan zo kansa.

Abu biyu ne ke nuna cewa caji ne sanadi. Na farko, idan kika ƙara ruwa ayon suka yi nesa da juna, i yana hawa: a mol 0.01 ya kai 1.94, a 0.001 ya kai 1.97. Na biyu, ki ɗauki magnesiyam salfet, wanda ake sayarwa a kantin magani da sunan milhi ingilizi. Shi ma gida biyu yake rabuwa, a takarda i ɗinsa 2 ne kamar gishirin girki. Amma kowane ayon nasa caji biyu yake ɗauke da shi, ƙarfin jan da ke tsakaninsu ya ninka huɗu. A mol 0.1, i ɗinsa 1.21 ne kacal. A 0.01 ya kai 1.53, a 0.001 ma bai wuce 1.82 ba. A irin wannan gishirin wasu ayon ɗin suna manne wa juna na ɗan lokaci su yi tafiya tare, abin da Bjerrum na Denmak ya yi bayani a 1926. Kin ga fomula iri ɗaya ta ba da 1.87 a wuri ɗaya da 1.21 a wani wuri.

Akwai kuma abin da littattafan shekarar farko ba su cika faɗa ba. Mutum zai zaci i zai yi ta sauka ne muddin ana ƙara gishiri. Ba haka abin yake ba. Ga gishirin girki yana sauka zuwa wajen 1.84 a kusa da rabin mol, sai ya juyo ya fara hawa, a mol 3 ya riga ya haye 2, a ruwan da ya ƙoshi da gishiri ya kai wajen 2.5. Gishirin bai rabu gida uku ba. Kowane ayon yana riƙe wasu ƙwayoyin ruwa a jikinsa, in gishirin ya yi yawa sai ruwan da ya rage a sake ya yi ƙaranci, kaurin gaske ya fi wanda kika rubuta. Ko sukari, da ba ya rabuwa sam, a mol 1 yana ɗan haura 1 saboda wannan dalilin. Iyakar wannan lissafin ke nan: na tsinkakken ruwa ne. In ruwa ya yi kauri, jadawalin awo ake buɗewa.

Khal a ruwa, khal a benzin

Yanzu ga wurin da fomular α take da gaskiya ɗari bisa ɗari. Asid ɗin asetik, wanda shi ne tsamin khal, rarraunan asid ne. A cikin ruwa akwai molekul na gaske da ba su rabu ba, kuma su ne mafi yawa. A mol 0.1 kashi 1.3 cikin 100 ne kawai ke rabuwa, i ya zama 1.013, kusan ba za ki bambanta shi da sukari ba. Ki sirka shi zuwa 0.001, kason da ke rabuwa ya haura kashi 12. Wannan ita ce dokar sirkawa ta Ostwald ta 1888. Ga gishiri, α adadi ne na kamanni. Ga asid ɗin khal kuwa adadi ne na haƙiƙa.

To a ɗauke shi daga ruwa a sa shi a benzin, ina nufin sinadarin ɗakin gwaji, ba man da ake sha a mota ba. Ruwa yana da hali biyu da benzin ba shi da su. Yana rage jan da ke tsakanin caji da caji kusan sau 80, benzin kuwa bai fi sau 2 da ɗan kai ba, don haka rabuwa zuwa ayon ba ta ma taso a cikin benzin. Sannan ruwa yana ƙulla abin da ake kira ɗaurin haidurojin da asid ɗin, ya kewaye shi ya shagaltar da shi. Benzin ba ya iya wannan. Molekul ɗin asid yana da wuri ɗaya mai miƙa haidurojin da wuri ɗaya mai karɓa, in bai samu ruwa ba sai ya juya ga ɗan'uwansa. Biyu su fuskanci juna, wannan ya miƙa wancan ya karɓa, wancan ya miƙa wannan ya karɓa, ɗauri biyu su rufe kamar zobe. Su ne masu riƙe hannu ɗin nan. Benzin yana jin su a matsayin ƙwaya ɗaya.

Mu yi lissafi da misali. Benzin yana daskarewa a digiri 5.5, K ɗinsa 5.12. A ce an narkar da giram 1.2 na asid ɗin a giram 100 na benzin, mol 0.2 ke nan a kilo. Da bai haɗe ba, da saukar ta zama 1.02. A ce an auna an samu 0.54. To i ya zama 0.53 ke nan. Fomular haɗewa ita ce i = 1 − α(1 − 1/n), n kuma 2 ne, sai α ya fito wajen 0.94, wato kashi 94 cikin 100 sun haɗe bibbiyu. Wanda bai san da haɗewar ba ya lissafa nauyin mol kai tsaye, zai samu 60 a raba da 0.53, wajen 113. Da duka sun haɗe, da 120 cif zai samu. Shi ya sa littafinku ya ce "kusan". Asid ɗin benzowik ma haka yake yi, nauyinsa 122 amma a benzin ya kan fito kusa da 244.

Ki lura da yadda abin ke juyawa. Rabuwa tana ƙara yawan ƙwayoyi, i ya haura 1, nauyin mol ya fito ƙasa da na gaskiya. Gishiri mai 58.4 zai bayyana kamar 31. Haɗewa tana rage su, i ya faɗo ƙasa da 1, nauyi ya fito sama. Ƙara mai narkarwa kuwa, muddin kaurin bai yi yawa ainun ba, a duk hali biyun yana ɗaga i, domin nisa yana raba ayon kuma yana raba tagwayen. Abin da ya fi burge ni a wannan babin shi ne abu ɗaya, asid ɗin khal, ya haura 1 a cikin ruwa ya koma kusan rabi a cikin benzin. Duk wanda ya tambaye ki i ɗin wani sinadari bai faɗa miki a cikin me aka narkar da shi ba da kuma kaurinsa, tambayarsa ba ta cika ba.

Sabulu ma yana haɗewa, a cikin ruwa wannan karon. In ya kai wani kauri sai molekul ɗinsa su cure gommai-gommai wuri ɗaya, daga nan ko an ƙara shi matsin osmosis ba ya hawa yadda ya saba. Za ki sake haɗuwa da wannan a darasin haɗa magunguna.

Yadda abin yake a wurin aiki

Ruwan tekun duniya yana ɗauke da wajen giram 35 na gishiri a kilo, matsin osmosis ɗinsa wajen bar 27 (bar ɗaya kusan matsin iskar da ke kewaye da mu ne). Bahar Maliya ta fi haka, wajen giram 40, saboda rana tana ƙafar da ita kuma babu wani babban kogi da ke zuba mata ruwan daɗi, matsinta ya kai wajen bar 30. Ruwan da kuke buɗewa a famfo a Makka yawancinsa daga tashoshin Shu'aiba yake zuwa, kudu da Jidda. A tashar da ke aiki da tantani, sai famfunan sun tura ruwan teku da ƙarfin da ya zarce wannan matsin kafin ɗigo ɗaya ya tsallaka. Kuma yayin da ake zare ruwan daɗi, wanda ya rage yana ƙara kauri. In an zare kashi 40 zuwa 45 cikin 100, ragowar tana kai wajen giram 70, matsinta ya haura bar 50, shi ya sa famfunan ke aiki a bar 60 zuwa 70. Da gishiri irin sukari ne, ba ya rabuwa, da kusan rabin wannan ƙarfin ya isa. Rabuwar nan da kuke karantawa a aji, lantarki ake biya a kanta kowace rana. Shi ya sa mai tsara tasha ba ya ɗaukar 2 ya wuce. Tsakanin 2 da 1.85 akwai bar biyu ko fiye, kuma a tashar da ke aiki dare da rana wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tsofaffin tashoshi masu tafasa ruwa mataki-mataki su ma ba su tsira ba, domin a kowane mataki ruwan gishirin yana cinye wajen rabin digiri zuwa digiri ɗaya kafin ya ba da tururi.

A kan teburina na'urori biyu ne kusa da juna. Ɗaya ƙaramar sanda ce da ake tsomawa a kofi ta auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, irin wadda masu sayar da matatar ruwa ke yawo da ita gida-gida. Sababbin ma'aikata kan yarda da ita fiye da kima, don haka na kan zuba cokalin sukari a tataccen ruwa in ce su tsoma. Lambar ba ta motsawa. Sai in ɗauki ɗigo daga kofin in sa a ɗaya na'urar, mai auna daskarewa. Takan sanyaya ɗigon har ya wuce sifili bai daskare ba, sai ta girgiza shi, nan take ya yi fari, zafinsa ya yi tsalle sama ya tsaya cak a wuri ɗaya. Nan ne matakin daskarewar, kuma sukarin ya bayyana ƙarara. Ita sandar, ayon kaɗai take gani, ta biyun kuwa kowa take ƙirgawa. Haɗa su biyun shi ne ainihin abin da Arrhenius ya yi.

A fanninki abin ya fi kusa da rai. Jinin mutum yana da miliosmol, wato milimol na ƙwayoyin da ke yawo daban-daban, 275 zuwa 295 a kilo, yana daskarewa a wajen 0.52 ƙasa da sifili. Ledar ƙarin ruwa ta gishiri mai kashi 0.9 tana ɗauke da giram 9 a lita, milimol 154 ke nan. A jikin ledar za ki ga 308, wato 154 sau 2. In aka auna kuwa wajen 286 ake samu, wato sau 1.86, kuma wannan ne ya faɗa daidai cikin zangon jini. Ragowar 0.13 da kika je nema, ga ta nan rataye a gefen gadon marar lafiya.

Ki ɗauki ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2002, ki karanta bayansa. A lita ɗaya akwai gulukos giram 13.5, gishirin girki 2.6, fotasiyam kulorayid 1.5, da sodiyam sitiret 2.9. Gulukos milimol 75 ne, ba ya rabuwa, 75. Gishirin girki wajen 44.5, gida biyu, 89. Fotasiyam kulorayid 20, gida biyu, 40. Sitiret ɗin 10, gida huɗu, 40. Ki tara, za ki isa bakin 245 da aka rubuta. Gishirin uku duka nauyinsu giram 7 ne, rabin nauyin gulukos, amma su suka ba da kusan 170 daga cikin 245. Shi ya sa ƙarin ɗan cokali ɗaya na gishiri, ko zuba ƙunshin a rabin ruwan da aka ce, ba ƙaramin kuskure ba ne. Ruwan da ya fi jini kauri yana iya jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, ya ƙara abin da aka zo magancewa. A lokacin Hajji da zafin nan namu, na sha ganin ana miƙa wa mai gudawa lemon kwalba da nufin taimako, alhali sukarin da ke ciki ya sa kaurinsa ya zarce na jini nesa ba kusa ba, gishirin da jiki ke nema kuma babu. Ni dai ba likita ba ne, ƙirgar ƙwayoyi ce iyakata, abin da za a bai wa marar lafiya kuma malamanki na asibiti ne za su koya miki.

Jarrabawa, da gwajin da zan so ki sake

In tambaya ta ba ki sunan gishiri da kaurinsa kawai, ba ta ba da sakamakon awo ba, cikakkiyar rabuwa ake nufi: ki sa 2 ga gishirin girki, 3 ga kalsiyam kulorayid, 1 ga sukari da yuriya da ruwan radiyeta, sannan ki rubuta a gefe cewa kin ɗauka rabuwar cikakkiya ce. In an ba ki saukar daskarewar da aka auna, to i ake so ki fitar, kada ki ƙaƙaba masa 2. In ya fito sama da 1 ki bi fomular rabuwa, in ƙasa da 1 ta haɗewa. Kafin ki fara lissafi ma, ki duba mai narkarwar: asid mai rukunin kaboksil, irin na khal da benzowik, a cikin benzin, ki sa ran haɗewa. In kuma an ce ki fitar da kason rabuwar gishirin girki, ki fitar musu da 87 ɗinsu, amma ki kira shi kaso na zahiri, kin san abin da ke ƙarƙashinsa.

Game da gwajinku, tsakanin 0.35 da 0.37 tazarar 0.02 ce kawai, ma'aunin zafin da ke karanta 0.1 ba zai iya raba su ba, kuma ko mai karanta 0.01 sai an kiyaye. Kada ku rubuta mafi ƙanƙantar lambar da ma'aunin ya nuna, domin ruwa kan zarce matakinsa bai daskare ba. Ku jira tsallen da na faɗa miki, ku ɗauki lambar da ya tsaya a kai, tun ƙanƙarar ba ta yi yawa ba, saboda in ta yi yawa ragowar ruwan ya riga ya ƙara kauri. Ku fara da tataccen ruwa zalla don ku ga inda sifilin na'urarku yake.

Ki roƙi malaminku ya ba ku damar jera kofi huɗu, kowanne mol 0.1 a kilo: yuriya, gishirin girki, milhi ingilizi da asid ɗin khal. Abin da ya kamata ku gani shi ne wajen 0.19, da 0.35, da 0.23, da 0.19. Shi milhi ingilizin kanti yana ɗauke da ruwa bakwai a jikin kowace fomula, don haka giram 24.6 za ku auna ba 12 ba. Na haɗewa kuwa kada ku taɓa benzin, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar jini. Saikuloheksen ya fi shi sauƙin hatsari, yana daskarewa a digiri 6.5, kuma K ɗinsa wajen 20 ne, don haka saukar za ta fito ɓaro-ɓaro ko da ma'aunin makaranta. Yana kama wuta da sauri, sai a yi aikin a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi, nesa da harshen wuta.